Bidiyon gangara da allon taya: a bi da babur ko a kafa kyamara a ƙasa?

Sadiku: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara muke nema, kuma gara a yi ta a nan kowa ya sa baki, don mu a tsakaninmu gardama ta ƙi ƙarewa. Akwai wata gangara a bayan garinmu, can yankin Rano, titin kwalta ne da ya sauko daga gindin dutse, ya yi kwana ɗaya ta hannun hagu, sannan ya miƙe har ƙaramar gada. Zai kai mita 600. A nan muke koyon allon taya, dogon nan na gangara, ba ƙaramin da ake tsalle-tsalle da shi ba. Yanzu so muke mu ɗauki bidiyo na kamar minti biyu kafin hazo ya rufe gari. Abin da ke hannunmu: allo biyu, waya biyu, ƙaramar kyamarar GoPro ɗaya ta aro, sai Boxer ɗin Ɗan'asabe. Baballe ya dage sai an bi mu a baya da babur, Nura kuma ya ce shi ba zai hau ba. Wa ke da gaskiya?

Baballe: Ba dagewa ba ce. Ku je ku kalli na Turawa, duk wanda ya yi suna bin mutum ake yi a baya, kana ganin titi yana shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. In aka kafa waya a gefen hanya, wuf ɗaya za mu wuce, shi ke nan. Wa zai ƙona datarsa a kan wannan?

Nura Mai Hoto: Baballe, ni fa sana'ata ce. Na ɗauki rakiyar amarya a bayan babur, na ɗauki hawan sallah ina ja da baya a gaban dawaki, ba tsoron babur nake yi ba. Tambayata ɗaya ce har yanzu ba ka amsa ba: kana gaba, muna bayanka da taku goma, ka faɗi. Ina Ɗan'asabe zai kai tayarsa? Kai ba fitilar birki gare ka ba. Kuma wanda ya zube a kwalta ya fi babur mai goyo saurin tsayawa, musamman a gangara.

Ɗan'asabe: Ni ma dai a daina yanke hukunci da babur ɗina ba na nan. Birkin baya lafiya lau, na gaba kam sai addu'a. Sannan kwanar nan akwai yashi a bakinta tun ruwan ƙarshe, ko ni kaɗai sai na sassauta nake shiga.

Mubarak Legas: Wa'alaikumus salam. Sadiku, kafin a zo maganar kyamara, cikinku wa ya iya tsayawa? Ba wai ya jira gangara ta ƙare allo ya mutu da kansa ba. A tsakiyar gudu a ce masa tsaya, ya tsaya kafin wancan icen.

Sadiku: Yaya Mubarak, muna jan ƙafa a ƙasa. Ni ina iyawa in gudun bai yi yawa ba. Baballe shi dirowa yake yi ya bi da gudu.

Mubarak Legas: To ai nan matsalar take, ba a wurin Nura ba. Dirowa tana aiki ne kawai in allon bai fi ƙafarka gudu ba. Da zarar ya wuce abin da za ka iya yi a guje, in ka diro taku biyu za ka yi ka kifa da fuska. Jan ƙafa shi ne birkin farko, kuma yana da ƙa'ida: nauyinka duka a kan ƙafar gaba, ka sauke ta baya a hankali, tafin takalmin gaba ɗaya ya shafi kwalta, sannan ka riƙa ƙara dannawa. Ba bugawa ake yi ba. Amma shi ma yana da iyaka. Masu gangara na gaske juya allon suke yi a karkace, tayoyin su zame a gicciye su cinye gudun, hannu ɗaya a ƙasa. Shi ya sa kake ganin safar hannunsu da wata roba mai tauri a tafin. Wannan zamiyar ita ce ainihin birki, kuma a fili mai ɗan gangara kaɗan ake koyon ta, ba a kwana mai gada a ƙasa ba.

Abu na biyu, karkarwa. Allo in ya ɗau gudu yakan fara rawa hagu da dama, kuma kana tsorata ka ja jiki baya rawar na ƙaruwa. Maganinta ka durƙusa, ka maida nauyi gaba, ka saki ƙafafunka kada ka sandare. Ku ɗan ɗaure notin ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya fiye da na gaba, ku duba bushin ɗin, wato robar da ke jikin notin, in ya tsage a canza. Mu nan da muke taruwa a harabar filin wasa na Surulere shimfiɗaɗɗen wuri ne, amma ko a nan wanda bai iya tsayawa ba ba ma barin sa ya shiga cikin mutane.

Baballe: Duk wannan na ji. Amma akwai Baturen Ingila, Peter Connolly, da ya yi kilomita 146 a awa a Kanada a 2017, a tsaye a kan allo. Mu da ko 50 ba ma kaiwa ake ta yi mana wa'azi.

Mubarak Legas: Ƙwarai ya yi, a lardin Kebek. Ka ƙarasa labarin mana. Titin a rufe yake ranar, babu mota ko ɗaya, yana sanye da rigar fata tun daga wuya har idon sawu, da hular kwano mai rufe haɓa. Haka titin Maryhill na jihar Washinton a Amurka da kuke yawan gani a bidiyo, mai lanƙwasa-lanƙwasan nan cikin ciyawa: mallakar wani gidan tarihi ne, motoci ba sa bin sa kullum, haya masu wasan ke karɓa. Abin da kyamara ba ta nuna maka shi ne mutanen da ke tsaye sama da ƙasa sun tare hanya.

Malam Habu: Bari in sa baki a kan "ko 50 ba ma kaiwa" ɗin nan, tunda Baballe ɗalibina ne kuma na san yadda muka rabu da shi a lissafi. Abin da ke ba allo gudu ba tsawon titi ba ne, zurfin saukar ne. In daga inda kuka tashi zuwa gada ƙasa ta sauka da mita 10 kacal, wato kamar tsayin bene mai hawa uku, lissafi ya ba da mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kusan kilomita 50 a awa ke nan. In mita 20 ne, ya haura 70. Iska da gogayyar taya za su rage wani abu, amma ba za su rage yadda kuke zato ba, musamman in mutum ya duƙa ya maida hannu baya. Yanzu ku juya lissafin: wanda ya daki bangon gada a gudun 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga saman benen nan. Kuma a wannan gudun, daga lokacin da idonka ya ga akuya zuwa lokacin da ƙafarka ta motsa, ka riga ka ci mita 14 ko fiye. Ku sa manhajar auna gudu a waya, ku sa a aljihu ku sauko sau ɗaya daga rabin gangarar, ku zo ku faɗa mana abin da ta nuna.

Baballe: Malam, a gaban jama'a kuma? 😂

Malam Habu: A gaban jama'a ka kawo lambar.

Kawu Isa Direba: Ni ban san wannan wasan ba, kuma gaskiya ban ga amfaninsa ba, amma titi na sani. Ku saurara. Yanzu kaka ce. Duk ƙauyen da ke da kwalta, gefen titi ya zama wurin shanya: masara, shinkafa, barkono, wani har duwatsu yake jerawa a bakin shanyar don kada mota ta taka. Mu da manyan tayoyi muna kaucewa, ku da tayar da ba ta kai ƙwallon lemo ba, dutse ɗaya ya ishe ku. Ga amalanken shanu ɗauke da dawa da kara, ba fitila ba ham, karan ya fito ta gefe ya cinye rabin hanya. Ga tifar yashi, wadda in ta taho daga ƙasa za ta hau gangara direba ba zai ɗaga ƙafa daga totur ba, don in ya ɗaga ba za ta hau ba. A kwanar hagu kuwa, mai saukowa da gudu jikinsa yanke kwana yake so ya yi, ya shiga hannun mai tahowa. Nan ake haɗuwa. Ni in ina sitiyari, abin da nake nema da ido mota ce ko babur ko saniya. Mutum a durƙushe a kan katako, tsayinsa bai wuce na tunkiya ba, wallahi sai na zo kansa zan gane mene ne.

Ummi: Kawu, wasan kam ya shiga gasar Olamfik tun ta Tokiyo da aka yi a 2021, sai dai ɓangaren tsalle-tsalle ne, ba na gangara ba. Amma maganarka ta titi babu ja.

Kawu Isa Direba: To 'yata, su can ai ba a shanya barkono a filin.

Yusha'u Kafinta: Tunda allo biyu ne ku huɗu, ku kawo in buga muku wasu. Ina da filawud mai kauri, in manna sanfefa a sama, in sa boris huɗu irin na kurar yara. Kuɗin katako kawai za ku biya.

Mubarak Legas: Malam Yusha'u, Allah ya saka da alheri, katakon da sanfefar duk daidai ne, amma boris tsirara a'a. Ƙarfe ba ya kama kwalta, a kwana zai tafi da mutum kai tsaye. Su ma can Kalifoniya da tayoyin ƙarfe suka fara, wasan bai zama abin da ya zama ba sai farkon shekarun 1970 da aka fito da tayar roba ta yuretan. Ta gangara tsayinta kamar milimita 70 zuwa 75 ne, mai laushi, za ka ga an rubuta lambar laushinta, 78a ko 80a, a jikinta. Laushin ne ke sa ta haye ƙananan tsakuwa maimakon ta cije. In da abin da za ka taimaka musu da shi, safar hannu ce: a sayi irin ta masu walda, a yanko farantin roban nan mai kauri da ake yanka nama a kai, a yi shi zagaye kamar murfin kofi, a manne a tafin da gam mai ƙarfi. Ka goge bakinsa kada ya yi kaifi.

Yusha'u Kafinta: Wannan ai aikin rabin awa ne. Sadiku, ka biyo ta shago.

Nura Mai Hoto: Yanzu bari in dawo kan abin da aka tambaya, don Baballe yana ganin kamar rowar fasaha nake yi. Gudu a bidiyo ba daga gudun gaske yake fitowa ba. In ka bi mutum a baya da gudu iri ɗaya da nasa, a allon waya kamar a tsaye yake, titi ne kawai ke motsi. Abin da ke sa mai kallo ya ji gabansa ya faɗi shi ne kusanci da ƙasa. Ka ajiye waya a kan kwalta, ka tokare ta da dutse, tsayinta bai wuce tafin hannu ba, allo ya wuce ta da taku ɗaya: ko a gudun keke ne za a ɗauka jirgi ne. Ga yadda nake so mu yi. GoPro a ɗaure a hancin allo tana kallon baya, ta kama ƙafa da tayar baya da titi yana gudu. Sauka ta biyu a maida ita kan sanda a hannun mai hawa. Ni ina cikin kwanar, ta ciki ba ta waje ba, don wanda ya kuɓuce waje yake tafiya. Waya ta biyu a saman dutse ta ɗauko gangarar duka da gonaki da mutum ɗan mitsitsi yana saukowa. A sauko sau da yawa daga rabin gangara, kowace sauka a canza wurin kyamara, Ummi ta haɗa. Mai kallo zai ɗauka sauka ɗaya ce daga sama har ƙasa.

Baballe: Wato ƙarya za mu yi wa mutane.

Nura Mai Hoto: Bidiyon bikin yayarka da na haɗa, kana tsammanin a jere aka yi komai? Ango sau nawa ya sake shigowa ƙofa?

Ummi: Yaya Nura ya gama magana. Ni abin da nake roƙo a matsayina na mai haɗawa: ku saita wayoyin duka a hoto 60 cikin daƙiƙa, don in na rage gudun wurin kwana kada ya riƙa tsinkewa. Ku yanke shawara tun yanzu, a tsaye za a riƙe waya ko a kwance, kada a kawo min rabi haka rabi haka. In TikTok ne a tsaye, in YouTube ne a kwance. A kulle haske da saitin gani kafin a fara, in ba haka ba da mutum ya shigo hoton zai yi duhu ya yi haske. A goge gilashin kyamara kowace sauka, ƙurar kaka ba ta da kirki. Kuma don Allah kada wani ya ce in ƙara wa bidiyo gudu a CapCut. Ana ganewa, hannun mutum sai ya riƙa fizga kamar na 'yar tsana.

Sauti kuma: iska za ta cinye komai. Ku yanko soso ku rufe bakin makirufo da shi. Ƙarar taya a kan kwalta ita ce daɗin abin, a ɗauke ta daban, waya kusa da ƙasa, kowa ya yi shiru.

Sadiku: Waƙa fa? Baballe ya riga ya zaɓi wata ta Turanci.

Ummi: In kuka ɗora waƙar wani, ana iya kashe sautin ko kuɗin tallan ya tafi wurin mai ita. Ba ku da mai kalangu ko mai gurmi a garin? Ku ba shi na goro ya yi muku kiɗan minti uku, a ɗauka a cikin ɗaki mai labule. Dutsen Rano da gonar dawa da kiɗan gida, wannan ne abin da na Kalifoniya ba shi da shi.

Anti Rabi: Ina ta karantawa ina jiran in ji an ambaci hular kwano a jerin kayan Sadiku. Allo biyu, waya biyu, kyamara, babur. Kai fa?

Sadiku: Anti, akwai ta Ɗan'asabe guda ɗaya.

Ɗan'asabe: Igiyarta ta tsinke tun bara.

Anti Rabi: To babu ke nan. Hular da ba a ɗaure a haɓa ba ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Ku nemo guda biyu masu igiya, wanda zai hau ya sa, in ya sauko ya miƙa wa na gaba. Dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu, takalmi sau-ciki, ba silifa ba. Kuma ku rubuta wannan ku ajiye: in mutum ya bugu a kai, ko da ya tashi yana dariya, ya gama hawa na ranar. In ya yi amai, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko jini ko wani ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti nan take, ba kemis ba. In yana kukan wuya ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a ɗaga shi a cusa tsakanin mutum biyu a babur, a bar shi a kwance a riƙe kan, a nemo mota. Ƙujewar kwalta kuma ruwa mai tsabta da sabulu ne, a wanke har tsakuwar ta fita duk da zai yi ihu, a rufe da bandeji mai tsabta. Ban da baƙin mai, ban da man goge baki, ban da toka. A je a yi allurar tetanus in an daɗe ba a yi ba. Ku tuna asibitin ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano duk a cikin birni suke, daga wajenku tafiya ce ta awa guda ko fiye. Saboda haka mota ta kasance a wurin da mai a cikinta, ba sai abu ya faru a fara neman wanda zai ara ba.

Baballe: Anti, hular nan fa tana ɓata hoto. Ba a ganin fuska.

Anti Rabi: Baballe, zan kira Hajiyarka.

Baballe: Na sa. Wallahi na sa.

Yaya Sani: Akwai abin da ba a taɓo ba. Kun gaya wa Dagaci? Titin nan ba naku ba ne ku huɗu. Ranar da za ku tsaya da kyamara, yaran garin kaf za su biyo ku, kuma washegari za ku ga wani ya ɗauko murfin jarka ko kurar ruwa ya hau gangarar. In ya karye, sunan ubanku za a kira. Ku je da babba, ku gai da Dagaci, ku ce ranka ya daɗe ga abin da muke so, awa biyu, rana kaza. In ya yarda zai haɗa ku da 'yan sintiri biyu, su mutane ke jin maganarsu in sun ce dakata. Ku kuma ba ku da ikon tare hanya, roƙo ne: mai mota in ya zo, ku ne za ku jira ya wuce, ba shi ba.

Sadiku: Yaya, tsoron da muke ji kada a je a ce a'a. In ba mu tambaya ba ai ba a hana mu ba.

Yaya Sani: In ba ku tambaya ba, ranar za a hana ku a gaban kowa, wataƙila har a riƙe kyamarar aro. Zaɓi ɗaya.

Malam Habu: Zan raka su. Amma da sharaɗin a gaban Dagaci za a faɗi cewa daga rabin gangara za a riƙa tashi, kuma ba za a wuce bishiyar ɗorawar da ke kafin gada ba.

Ummi: Ƙari a kan na Yaya Sani: hanyar nan mata na bi zuwa rijiya da masu tallan nono. Duk wadda ta shigo hoto ba da saninta ba zan yanke wurin, kada ma a roƙe ni. Haka ƙofar gidan mutane.

Haruna Kazaure: Ni da za ku ji tawa, ku taho nan wajenmu. Duwatsun Kazaure da Roni sun fi kyau a hoto, ga ruwan dam. Ko ku tafi Riruwai can Doguwa, nan ne tsaunukan Kano na gaske. Kuma abokina yana da ƙaramin jirgi mara matuƙi, ya ɗauko ku ta sama a huta da gardamar babur.

Kawu Isa Direba: Riruwai ta hanyar Jos ce, sai kun ratsa dajin Falgore. Ba wurin da yara za su tsaya da kyamara suna neman gangara ba ne. Ku tsaya inda aka san iyayenku.

Nura Mai Hoto: Haruna, mun gode, amma titin da ka san kowane raminsa ya fi wanda ya fi kyau. Jirgin kuma a ƙa'ida sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaro. Ka tashe shi a ƙauye haka kawai, kafin ya sauka labari ya kai inda ba ka so. Dutsen da ke kan gangarar ya ishe mu, in na hau shi hoton sama ne kyauta.

Mubarak Legas: Masu tsaron hanya su ne rabin aikin, ku tsara su da kyau. Mutum ɗaya a sama, ɗaya a kwana inda yake hango sama da ƙasa, ɗaya a bayan gada da nisa, ba a bakinta ba, don ya ga mota tun tana nesa. Kada ku dogara da kiran waya, sabis na iya yankewa a gindin dutse. Ku yi da ƙyalle: fari a sama, hanya lafiya, ja, kada a taso. In ba a ga ƙyalle ko ɗaya ba, ja ne. Kuma mai riƙe da ƙyalle ba ya riƙe waya yana ɗauka. Wannan shi ne inda ake samun matsala, kowa so yake ya kalli mai saukowa, babu mai kallon hanya.

Sannan ku lura da kanku. Mutum in ya ga an saita masa kyamara, sai ya ƙara abin da bai saba ba: ya tashi daga sama kaɗan, ya ƙi jan ƙafa inda ya saba ja don kada a ce ya ji tsoro. Ku shata layi da alli inda za a riƙa tashi, Malam Habu ya tsaya a kansa.

Baballe: To in wani ya faɗi fa, a sa a bidiyon? Don gaskiya shi ne abin da mutane suka fi kallo.

Ummi: In ya tashi da ƙafarsa kuma shi ya ce a sa, zan sa a ƙarshe. In da jini, a'a.

Anti Rabi: Ni ko ba jini ban so. Yaran da Sani ya ambata, faɗuwar za su fi maimaitawa suna dariya, su ɗauka ba ta da zafi.

Nura Mai Hoto: Anti, ni a nan na ɗan saɓa miki. In aka nuna sauka goma sumul babu ko tuntuɓe, shi ne yaro zai ɗauka abin banza ne. Gara a ga mutum ya zame da safar hannu da hula, ya tashi yana kaɗe wando, a ga abin da ya cece shi. Har ma ina so a buɗe bidiyon da ɗaure igiyar hula da shara, ba da gudu ba.

Anti Rabi: Ban gamsu ba, amma ku nuna min kafin ku ɗora.

Sadiku: Wace shara kuma, Nura?

Nura Mai Hoto: Yashin da Ɗan'asabe ya faɗa mana. Wa kake jira ya kwashe?

Kawu Isa Direba: Lokaci kuma: kada ya zama ranar kasuwa ko jajiberinta. Ku fito bayan asuba da gari ya waye sosai, ku tashi kafin hantsi, kafin a fito da shanya a kuma saki dabbobi. Da yamma hasken ya fi kyau na sani, amma lokacin ne shanu ke dawowa, amalanke ke dawowa daga gona, kowa na kan hanya.

Baballe: Shi ke nan an kashe maganar babur ke nan? Ko sau ɗaya a miƙaƙƙen wurin bayan kwana?

Mubarak Legas: Ka turo min bidiyon da ka tsaya da ƙafa a tsakanin layi biyu na alli, taku goma sha biyar, daga gudun da kuke yi a wurin. In na gani, sai a yi maganar babur yana gefe can ɗaya hannun, ba a bayanka ba.

Baballe: Zan turo kafin Laraba.

Sadiku: To ga yadda aka tsaya: gobe bayan la'asar ni da Malam Habu da Yaya Sani wurin Dagaci. Safar hannu wurin Malam Yusha'u. Hula biyu, Anti ta ce za ta tambayi maƙwabcinta ɗaya, saura ɗaya, mai ita ya yi magana. Tsintsiya da shebur kowa ya zo da nasa. Mota har yanzu ba mu samu ba.

Kawu Isa Direba: In ba ranar lodi ba ce zan zo da tawa. Ku zuba mai.

Ɗan'asabe: Ni da aka cire daga fim ɗin, har yanzu ni zan ɗauko Nura da kayansa tun asuba ko? A sa nawa man a lissafin.